Naman Layya a Cikin Rajista

Hureira ta tura ƙofar ɗakin taro da kafaɗa, hannuwanta biyu rungume da fayil goma sha huɗu, na saman yana neman zamewa. Ba wanda ya tashi ya kama mata. Mista Selvam, shugaban sashensu na saye-saye, yana bakin taga yana gyara wuyan rigarsa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ke ɗakin. Baƙuwar da ake ta jira kuwa ta riga ta zauna, ta jera biro biyu da rula a gabanta.

"Puan Noraini, ga jami'armu, Mis Hureira," in ji Selvam. "'Yar Nijeriya ce. Fayil ɗinta ko ƙura ba ta zama a kai."

Puan a yaren ƙasar kamar a ce Malama ne. Matar ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. Dattijuwa ce gajera, da mayafi ruwan toka, irin mutanen da ba sa ɓata murmushi a banza. Ta nuna mata kujera da bakin rula.

Kamfaninsu yana riƙe da kwangilar kula da na'urorin wasu asibitocin gwamnati, shi ke gyara, shi ke sayo abin da ya lalace. Duk bayan shekara uku gwamnati kan turo mai bita ya duba yadda ake sayen kayan. An nemi farashi daga wuri uku kafin a zaɓa? Wanda ya nemi kaya daban yake da wanda ya amince? Akwai wanda ya lasa wani abu a hannun masu kawo kaya? In tsarin ya faɗi, ko ƙusa ba za su saya ba sai ma'aikatar lafiya ta sa hannu, kuma kowa ya san daga nan sai sallama da kwangila. Shi ya sa Selvam ya rame.

Ita Hureira ba kwangilar ce a ranta ba. Wata biyar ke nan tana jiran wannan rana saboda alkawarin da ta yi wa kanta: ranar da aka gama bita, za ta hau jirgin ƙasa ta je unguwar Danau Kota ta ba ƙawarta Kamila haƙuri.

Shekara shida da suka wuce suka haɗu, a bakin masallacin jami'a. Hureira sabuwar zuwa ƙasar ce daga Gumel da tallafin karatu na gwamnati, tana laluben takalminta tana mita ita kaɗai da Hausa, sai ta ji an ce daga bayanta, "Ga shi can an ture miki shi ƙarƙashin benci, baiwar Allah." Kamila ke nan, Bakanuwa 'yar Fagge, wadda ta biyo mijinta Abdulbaƙi yana digiri na biyu. Ranar a gidansu Hureira ta ci abincin dare. Tun daga nan kowace Lahadi a kicin ɗin Kamila take wuni, a hawa na sha bakwai, suna tuƙa tuwon semo da miyar kukar da wani ya taho da ita a akwati, suna gulmar duk Bahaushen da ke yankin Setapak. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, sallama kawai take yi ta wuce ciki. 'Yan ajinsu suka gama suka koma gida ɗaya bayan ɗaya, ita ta samu aiki ta zauna. Sauran kwana shida na mako a ɗakinta take yinsu, a unguwar Brickfields, saman shagon wani mai saƙa furanni, da shinkafar da ta yo tapau, wato ƙunshi, daga shagon abinci na mamak. Can ba ta da wanda za ta yi wa Hausa sai waya.

Abdulbaƙi da ya gama karatu ya samu aiki a wani kamfanin dakon kaya, kuma kamfanin dama yana cikin jerin masu yi wa su Hureira aiki. Bara aka naɗa shi wakilinsu a wurin. Akwai fom da kowane jami'in saye-saye yake cikewa duk shekara, inda ake tambaya ko yana da dangantaka ta kusa da wani daga cikin masu kawo kaya. Hureira ta sa alama a kan a'a. Ta ce ai ba jini ya haɗa su ba, gari ma ba ɗaya ba. Mutum in yana so ya ruɗi kansa ba ya rasa hujja.

Sai Babbar Sallah ta zo, zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta je Danau Kota ba. Kwana biyu bayan Sallah tana ofis aka kira ta daga ƙasa, wai tana da baƙo. Ta sauko ta tarar da Abdulbaƙi a gaban teburin masu gadi, sanye da rigar kamfaninsa mai tambari a ƙirji, riƙe da kula an ɗaure ta da ƙyalle. A makon ne aka tara su aka ja musu kunne a kan kyauta: kada a karɓi ko biro, ko kalanda, ko lemon kwalba. Ga kyamara a saman kansu, ga Selvam yana fitowa daga lif. Tsoro ya kama ta. Ta ce masa da Turanci, da muryar da ake yi wa baƙon ido, kamfani ba ya karɓar kyauta daga masu kawo kaya.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hureira, Kamila ce fa ta soya miki."

Ta maimaita masa da Turanci. Ya dube ta, ya dubi mai gadi, ya rungumi kularsa ya fita.

Da yammar nan Kamila ta kira sau biyu, Hureira tana kallon wayar har ta tsinke. A rana ta uku ta tura saƙo cewa aiki ne ya jawo, in an gama bita za ta zo ta yi bayani. Amsa ta zo: "Allah ya kai mu." Shi ke nan. Da farko tsoron bita ne ya hana ta zuwa, daga baya kunya ta karɓa, kuma kowace Lahadi da ta wuce sai ƙafar ta ƙara nauyi. Ta koma zama a ofis tana gyaran fayil, tana jera takardu bisa kwanan wata, tana manna musu alamomi kala-kala. Abin da Selvam yake yabo ke nan.

Puan Noraini ta jawo fayil na farko, ta ɗora rula tana bin layi.

"Wannan bututun na'urar wankin ƙoda. Me ya sa kika bar mai araha kika ɗauki na biyu?"

"Mai arahar ba shi da takardar amincewar hukumar lafiya. Bayanin yana shafi na shida."

Ta buɗe shafi na shida, ta karanta, ta yi wata 'yar alama a littafinta. Fayil na huɗu kamfani ɗaya ne kaɗai ya ba da farashi, ta tambayi dalili, Hureira ta nuna mata wasiƙar masu ƙera na'urar cewa su kaɗai ke da izinin sayar da ita a ƙasar. Haka suka yi ta yi har azahar. Selvam ya sa aka kawo shayi da 'yan kayan ƙwalama a faranti, matar ko kallonsu ba ta yi ba, ta ciro gorar ruwanta daga jaka. Da lokacin abinci ya yi sauran ma'aikata suka fita garke guda zuwa kedai, gidan abinci, suna hira da yaren da har yau Hureira rabi take ji. Ita ta yi salla, ta ci burodinta a teburinta. Ta hango mai bitar ta gilas, ita ma ita kaɗai, tana cin shinkafar da ta taho da ita daga gida.

Ƙarfe biyu da rabi aka rufe fayil na goma sha huɗu. Selvam ya fara numfashi irin na mutane.

"Saura rajistar kyaututtuka," in ji Puan Noraini.

Aka kawo. Littafi ne mai baƙin bango da ke zama a teburin sakatariya, inda doka ta ce duk wanda aka miƙo wa kyauta ya rubuta, ya karɓa ko bai karɓa ba. Matar ta buɗe shafin bana, ta juya na gaba, ta dawo.

"Ma'aikata ɗari da ashirin, shekara guda, layi ɗaya," ta ce. Ta ɗora rula ta karanta a fili. "Sha tara ga Yuni. Soyayyen nama a cikin kula. Wanda ya kawo, Abdulbaƙi Shafi'u, wakilin kamfanin dakon kaya. Ba a karɓa ba. Sa hannu, Hureira Alkasim."

Hureira ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ita ta rubuta, ranar da abin ya faru, don kada a ga hoton kyamara wata rana a ce ta ɓoye. Ta rubuta ta manta, ko kuma ta so ta manta.

"Sauran ɗari da sha taran, ban yarda ba wanda aka taɓa miƙo wa ko kwalin biskit ba," in ji Puan Noraini. "Amma wannan layin ya nuna akwai mai bin doka a gidan nan. Zan ambace shi a rahoto."

Selvam ya washe baki har kunne. "Na faɗa miki, Puan. Na faɗa miki."

"To ina kwafin wasiƙar da kuka tura wa kamfaninsa?"

Dariyar ta tsaya. "Wasiƙa?"

"Tsarinku ne, ba nawa ba. Sashe na tara. Wakilin da ya miƙa wa jami'in saye-saye kyauta, a rubuta wa kamfaninsa cikin kwana bakwai, a nemi a cire shi. Wata biyar ba ku rubuta ba. Sunansa zai shiga rahotona, kamfaninsa kuma zai shiga jerin waɗanda ake sa wa ido."

"Yau za mu rubuta," in ji Selvam da sauri. "Boleh, boleh, za a yi. Kafin a tashi. Mis Hureira ma za ta tsara ta, ai ita ta san zancen."

An gudu ba a tsira ba. Hureira ta san abin da wasiƙa irin wannan take yi wa baƙo a ƙasar mutane. Izinin zaman Abdulbaƙi a jikin aikinsa yake manne, na Kamila da 'yarsu Raudatu kuma a jikin nasa. Kamfanin da aka ce wakilinsa ya jawo masa sa ido daga gwamnati ba zai tsaya tambayar naman mene ne ba. Ta dubi rubutunta a shafin, tsaf-tsaf, ba ko gogewa. Yabon da aka yi mata yanzu-yanzu yana nan a gabanta, abin da ake nema kawai ta yi shiru.

"Puan," ta ce. "Puan, ba kamfaninsa ne ya aiko ba. Matarsa ce."

Rular ta tsaya.

"Ƙawata ce. Shekara shida a gidansu nake cin abinci duk Lahadi, tun kafin ya fara wannan aikin. Ba ni da lafiya ranar Sallah, shi ne ta soya rabona ta ba shi ya kawo mini. Bai taɓa yi mini maganar oda ba, ko sau ɗaya. Ni ce ban faɗa a fom ba."

Selvam ya dafe kai ya faɗi wata kalma da yarensa. Puan Noraini ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a igiyarsa. Ta sake duba kwanan watan.

"Sha tara ga Yuni. Kwana biyu bayan Sallah." Ta ɗago. "Naman layya ne?"

"Eh."

"Kika mayar da naman layya?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba, kuma hakan ya fi ciwo. Hureira ta sunkuyar da kai.

"Shekara ashirin da shida ina mayar da kaya," in ji matar. "Kwandon 'ya'yan itace, agogo, har tikitin Umara an taɓa kawo mini. Amma wannan, 'yata, da kin faɗa tun farko, da an ce kamfaninsa su turo wani wakilin ba tare da laifin kowa ba, ke kuma ki ci namanki." Ta mayar da tabarau. Ta ja layi a littafinta. "Sunansa ya fita daga rahoto. Naki ya shiga."

Ta buɗe jaka ta zaro takarda guda ta turo mata. Fom ne na gyaran bayani. A tsakiyarsa akwai akwati biyu ƙanana, ɗaya an rubuta dangantakar tana nan, ɗayan an rubuta ta ƙare.

"In ta ƙare, takardar gargaɗi ce, ki ci gaba da teburinki. In tana nan, tsarinku ya ce wanda ya ɓoye a ɗauke shi daga saye-saye sai bayan bita ta gaba. Shekara uku ke nan. Ki kawo mini gobe ƙarfe tara."

A bakin ƙofa Selvam ya tare ta, yana magana ƙasa-ƙasa. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa, kuma ya san ba shi da mai jera masa fayil kamarta.

"Yaushe rabonki da gidan?"

"Tun kafin Sallar."

"To ai ta ƙare lah! Ba ƙarya za ki yi ba. In kika sa ɗayan, ma'ajiyar kaya ta Shah Alam za su tura ki, ki yi ta ƙirga kwali da masu lodi. Ki yi tunani."

Ta ce za ta yi. Ta nemi izinin fita da wuri, karo na farko tun da ta fara aiki, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba.

Ruwan la'asar ya sauko kafin ta isa tashar jirgin ƙasa ta KL Sentral, irin na watan Nuwamba mai zuwa kamar da bakin ƙwarya. Ta samu wuri a tsaye a jirgin, ta riƙe ƙarfe, jakar da fom ɗin ke ciki a matse a hammata. Tana ta tsara abin da za ta faɗa, duk wanda ta tsara sai ta ji ya yi kama da wasiƙar ofis. A Wangsa Maju ta sauka. Ta tsaya gaban mai 'ya'yan itace, ta ɗauki ledar mangwaro, ta juya ta, ta ajiye. In aka mayar mata fa? Ta hau bas hannu rabbana.

Mai gadin ginin sabo ne, bai san ta ba, sai da ta rubuta suna a littafin baƙi. A hawa na sha bakwai ƙamshin daddawa ya tarye ta tun daga bakin lif, hawaye suka kawo mata, ta tsaya ta mayar da su. Ta kai hannu kan mariƙin ƙofa yadda ta saba, sai ta janye, ta danna ƙararrawa.

Kamila ce ta buɗe. Ta ɗan ƙara jiki, ɗankwalinta a ture, hannunta da danshi. Ta yi tsaye kaɗan.

"A'a. Yau manyan baƙi ne da mu. Sannu da zuwa, bismillah."

Hureira ta cire takalmi, ƙafarta ta nufi kicin da kanta. Kamila ta nuna mata doguwar kujerar falo, wadda shekara shida ba ta taɓa zama a kai ba sai in ana kallo. Ta zauna a bakin kujerar. Kamila ta shiga ciki ta fito da tire, robar ruwa da kofin gilas da biskit a faranti, ta ajiye a gabanta, ta zauna a kujerar da ke nesa.

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya Raudatu? Ya Abbanta?"

"Duk lafiya. Tana Islamiyya, shi zai biya ya ɗauko ta. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Daga kicin aka ji ƙarar muciya a tukunya, wata murya ta ɗago. "Anti Kamila, in rage wutar?"

"Rage, Khaulah, ina zuwa." Ta juyo. "Matar wani sabon ɗalibi ce, a hawa na tara suke. Ba ta san kowa ba tukuna, sai take hawowa."

Hureira ta ce Allah sarki. Kishi ya soke ta, na yarinyar da ko fuskarta ba ta gani ba, kuma ta san ba ta da bakin yinsa. Ta fara bayanin. Ta faɗi jan kunnen da aka yi musu, ta faɗi kyamara, ta faɗi shugabanta da ya fito daga lif, ta ce yau aka gama bitar, daga ofis nan ta yo. Zancen rajista ne ya maƙale mata. Ba yadda za ta ce ta ciro sunan Abdulbaƙi daga rahoto ba tare da ta faɗi wanda ya rubuta shi a littafin ba, sai ta haɗiye duka biyun.

Kamila ta saurara har ƙarshe, tana murza zoben hannunta.

"Ai ba komai. Aiki ne. Kowa da dokar wurin aikinsa."

"Kamila, don Allah ki zage ni."

"In zage ki a kan me?"

"Ki dai yi mini faɗa. Wannan sannu da zuwan ya fi zagi ciwo."

Kamila ta juya tana kallon ruwan da ke bin gilas ɗin baranda. Da ta buɗe baki muryarta ba ta tashi ba.

"Nama dai mun ci abinmu, bai lalace ba. Da kin ja shi gefe kin ce, Abban Raudatu, akwai problem, ka koma da shi zan zo in ci a gida, wallahi dariya za mu yi. Bai ma faɗa mini ba sai da na matsa. Ya ce Turanci kika yi masa. Ya yi miki Hausa, kika sake yi masa Turanci, a gaban security. Daga nan ya ɗauko jirgin LRT da kula a cinya tun daga Sentral." Ta numfasa. "Mutumin nan shi ya je airport ya ɗauko ki da kika dawo daga rasuwar Baba."

"Na sani."

"Na kira ki sau biyu. Kin ɗauka faɗa zan yi? Tambayarki zan yi ko zazzaɓin ya sauka."

Nan Hureira ta kasa riƙewa, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Kamila ta turo mata kwalin tishu ta kan teburi, ba ta taso ba.

"Na yafe miki, tun tuni ma," ta ce. "Ban riƙe ki da komai ba. Amma wata biyar, Hureira. Raudatu ta yi ta tambaya where is Anti, where is Anti, har ta gaji ta daina. Zumunta a ƙafa take, ba ni na faɗa ba."

Muciya ta ci gaba da bugun tukunya a kicin. Hureira ta share fuska, ta sha ruwan don kada a ce shi ma ta ƙi.

"In zo ranar Lahadi?"

"Gida ai naki ne." Kamila ta gyara zaman ɗankwalinta. "Sai dai ki kira tukuna. Wani lokacin muna fita."

Ba ta ce ta tsaya a sauke tuwo ba, Hureira kuma ba ta ga fuskar tsayawa ba. Ta miƙe ta ce za ta koma kafin magariba. Kamila ta yafa mayafi ta biyo ta. A da daga kicin take ɗaga mata murya ta ce ta ja ƙofar da kyau, yau kuwa ta rako ta har bakin lif, ta danna mata maɓalli da hannunta, suka tsaya suna kallon lambobi suna hawowa.

"To, mun gode da ziyara," in ji Kamila da ƙofar ta buɗe. "A gaida gida."

Hureira ta ce gida zai ji, ko da yake su biyun sun san ba kowa a ɗakin.

Ruwan ya tsagaita, saura yayyafi. Ta zauna a rumfar jiran bas, kusa da wasu ɗalibai biyu da ke kallon waya ɗaya suna dariya. Ta ɗaga kai tana neman barandar hawa na sha bakwai, ta ƙirga ta ɓata, ta bari. Ta ciro fom ɗin ta shimfiɗa a kan jaka. Selvam bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya ga tiren nan da rakiyar nan zai ce ta ƙare, kuma ba mai bitar da zai kama ta da laifi. Shah Alam kuwa jirgi biyu ne da bas, kullum, shekara uku.

Ta cire murfin biro ta sa alama a kan tana nan.

A ƙasa akwai wani ɗan layi da ba ta lura da shi ba a ofis, ana tambayar tsawon lokacin dangantakar. Ta rubuta shekara shida. Ba ta cire wata biyar ɗin ba.